Mama Babba da Mutanen Laraba

Ranar da Mama Babba ta rasu, kafin mu gama jera kujerun roba a tsakar gida mutane sun fara shigowa. Yayar mahaifinmu ce, wadda Bahaushe zai kira gwaggo, amma mu Mama Babba muka tashi muna ce mata, har maƙwabta suka ɗauka. Kukan dangi kuwa na san shi ɗaya bayan ɗaya. Akwai ƙanwar mahaifiyarmu, wadda take fara nata tun daga bakin titi domin unguwa ta shaida ta iso. Akwai matan zumunta na coci, da suka shigo da waƙa, suka yi addu'a, suka wuce bayan gida suka ɗora tukunyar kunu. Tsofaffin ma'aikatan asibiti, abokan aikinta na da, sun haɗa kujeru wuri guda suna tuna waɗanda suka riga su tafiya. Duk waɗannan ba su dame ni ba.

Waɗanda suka tsaya mini a rai wasu ne daban. Ɗai-ɗai suke shigowa, su durƙusa su ce sannu da haƙuri, sannan kowa ya nemi kusurwarsa nesa da ɗan'uwansa. Akwai wani mai kaftani da ka gan shi ka ga ma'aikacin gwamnati. Akwai wata mata da nake zaton na taɓa sayen tumatir a wajenta. Akwai wani tsoho da laka a takalminsa, ya ce daga wajen Kauru ya taso. Ba wanda ya san dangantakarsu da mu, amma hawayensu ya fi na wasu dangin gaskiya. Kuma ba sa kallon juna. Ni malamin makaranta ne, na san yaran da suka haɗa baki a aji: su ne waɗanda ko da wasa ba za su haɗa ido ba.

Matar Baba Ƙarami, wato matar ƙanin mahaifinmu, ta matso kusa da ni tana gyara ɗankwali, ta ce da irin Hausar tsofaffin wajenmu:

"Malam, wa ya san wancan mata? Tun safe yana kuka, ko kunu bai sha ba. Danginmu ne?"

Na ce ban san ta ba, kuma gaskiya na faɗa. Baba Ƙarami da yake bayanmu ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci.

"Mutanen Laraba ne. Shekara da shekaru suna kulle kansu a ɗaki da yayata, ba wanda ya san abin da suna yi. Ku bari ranar biso. A coci za mu ga fuskan su duka."

Gabana ya faɗi, domin ƙanina yana cikin mutanen Laraba, kuma a duk danginmu ni kaɗai na san haka. An riga an kai masa gaisuwa gidan wata yarinya a Madakiya, an sa rana bayan haƙar citta. Mahaifin yarinyar dattijon coci ne mai bin diddigi, kuma a wajenmu ba a rufe binciken aure sai ranar da aka shiga coci. A bakin mutanen gari zaman Laraba sunansa ɗaya ne, taron masu taɓin hankali. Idan dattijon nan ya ji surukinsa na gobe yana zuwa can, magana ta ƙare. Ga kuma al'adarmu ta jana'iza: duk ƙungiyar da mamaci ya zauna a cikinta sai an kira ta a coci, ta fito gaba, ta zagaye akwati da waƙa, ɗaya daga ciki ya ba da shaida. Ƙin fitowa cin fuska ne ga mamaci. Baba Ƙarami kuwa shi ne shugaban kwamitin biso.

Zan koma kan wannan. Amma ba na son a binne matar nan sau biyu, sau ɗaya a ƙasa, sau ɗaya a cikin ƙus-ƙus ɗin mutane, don haka bari in faɗi wace ce.

Nas ce. Yawancin aikinta ta yi shi a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa na wani babban asibiti nesa da gida, a can kuma likitoci suka koya mata yadda ake zaunar da masu damuwa a rukuni su yi magana da juna. Da ta yi ritaya ta dawo Kafanchan da lema ɗaya, da akwatin littattafai, da wani hali da yake ba ni haushi har gobe: in ta tambaye ka yaya kake, sai ta tsaya tana jiran amsa. Ka ce lafiya lau, ta ci gaba da kallonka tana tauna namijin goro, har ka ji kamar an kama ka da ƙarya. Ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta taɓa neman a tausaya mata a kan ko ɗaya ba.

Lokacin da aka riƙa kai hari ƙauyuka, mutane suka cika gari, masu rauni suka warke, amma aka bar wasu da ciwon da ba ya jini. Ƙanina yana cikinsu. Yana ƙauyenmu yana noman citta ranar da maharan suka shiga, ya tsira, ya dawo gidana. Ba ya barci, ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa, murfin tukunya in ya faɗi sai ka gan shi a tsaye yana haki. An yi masa addu'a, an sayo masa ƙwayoyi a kemis, daga baya ya gano hanyar gidan burukutu. Na yi faɗa, na yi lallashi, na tambaye shi abin da ya gani har na gaji. Sai ya ce, "Ba komai, Yaya."

Mama Babba ta zo ta zauna da shi a gindin mangwaro, su biyu, ta kore ni zuwa cikin gida kamar yaro. Ta sake zuwa, ta kuma sakewa. Ta kai shi wajen likita tukuna, aka duba shi, sannan ta ce mini zai fara zuwa zaman Laraba. Na ce ban gane ba.

"Mama, mutum ya kasa faɗa wa yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya je ya faɗa wa baƙi?"

"Don kai yayansa ne," in ji ta. "In ya faɗa maka yau, gobe da safe zai gan ka kana shan koko da labarin a fuskarka. Jibi ma haka. A can kuwa zai tarar da waɗanda su ma murfin tukunya yake tayar da su tsaye. Ba sai ya yi musu dogon bayani ba."

Ban gamsu ba, kuma ban ɓoye mata ba. Abin da zan yaba mata shi ne, yadda ake yin aikin ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Takan ce, "Yadda ake yi, zan faɗa maka har ka gaji. Abin da aka faɗa, a'a." Ni kuma na biyun nake so.

Ɗakin yana bayan wani sito na citta kusa da layin dogo, inda kowa yake wucewa zuwa kasuwa. Da gangan ta zaɓe shi, domin duk wanda aka gani ya shiga lungun ana iya cewa ciniki ya kai shi. Na shiga sau ɗaya, ba ranar zama ba, na taya ta gyara kujeru. Ba tebur, ba mumbari, kujeru ne iri ɗaya a zagaye, ba su kai goma ba, ga warin busasshiyar citta yana sa mutum atishawa. Na ga shekarunta, na kawo mata kujera mai kushin daga gidana. Ta sa ɗan acaɓa ya mayar mini da ita a ranar.

"In tawa ta fi tasu, ni za su riƙa kallo," ta ce. "Ni ba ni ce maganin ba. Aikina in tsare ƙofa, in tsare lokaci, in hana wani danne wani. Sauran su ne za su yi wa juna."

Ta ce a ɗakin babu dattijo, babu shugaba, babu Maman Zumunta, kowa da muƙaminsa a bakin ƙofa yake ajiye shi. Wannan ya fi komai wuya a ƙasarmu, inda yaro ba ya buɗe baki in babba yana magana. Takan ce a kowane rukuni sai an samu mai cinye lokaci da labarinsa, da mai shiru kamar an ɗinke masa baki, da mai raba shawara ba a tambaye shi ba. Mai yawan magana ba ta katse shi, sai ta juya ga sauran ta ce, ku me kuka ji a jikinku da yake faɗin haka? Mai shiru ba ta matsa masa, sai dai ta sanar da shi cewa an ga shirunsa. Mai shawara kuwa takan ce masa ya ajiye abin da ya kamata wani ya yi, ya faɗi abin da ya same shi shi kansa. Da Hausa ake zaman, tunda ita ce ta haɗa kowa, amma ta ce idan abu ya kai maƙura mutum yarensu yake komawa. Sai ta bar shi ya faɗa da yaren, in ya ga dama ya fassara, in bai ga dama ba a bar shi haka.

Damina ce babbar abokiyar gabarta. Da ruwa ya sauka rabin mutanenta suna gona, ita kuma ta nace cewa kujerar da aka bari babu kowa tana yi wa sauran ciwo, domin wanda ya buɗe cikinsa makon jiya zai ɗauka don shi aka gudu. Saboda haka tun farko sai ka yi alkawarin zuwa, in ba za ka samu zuwa ba ka aiko da saƙo. Wanda ya makara kuma ba a sake masa labari daga farko.

Zaɓen mutanen ya fi binciken aure tsanani. Kafin ta karɓe ka sai ta zauna da kai kai kaɗai, ta ji ƙauyenku, cocinku, surukanka, da wanda kuke rigimar iyakar gona da shi. Ba ta haɗa 'yan'uwa, ba ta haɗa maƙwabta, ba ta haɗa mai gida da yaronsa. A Kafanchan kuwa, in ka bi kowa da kyau sai ka tarar kakarsa ƙanwar kakar wani ce, don haka wasu sukan yi watanni suna jiran a buɗe rukunin da babu nasu a ciki. Matar Baba Ƙarami ta taɓa zuwa ta ce ita ma tana da damuwa, a sa ta. Mama Babba ta saurare ta da kyau, ta ce ta riƙa zuwa gida su yi magana su biyu, amma ɗakin Laraba a'a. Matar ba ta sake zuwa ba, ashe damuwar tata ta son ganin waɗanda suke ciki ce. Daga ranar aka fara jin cewa yayar mijinta ta kafa ƙungiyar asiri.

Maganar ta yi tsawo har dattawan coci suka kira ta. Fasto mutumin kirki ne, ya ce a bar shi ya riƙa zama a ciki, ya buɗe da ɗan wa'azi, bakin mutane ya mutu. Ta gode masa, ta ce a'a.

"Fasto, in kana zaune, kowa zai faɗi abin da ya kamata mai bi ya ji. Ni ina neman abin da yake ji. Akwai mai fushi da Allah, kuma a gabanka ba zai faɗa ba. In ya faɗa ya huce, wata rana zai dawo maka da ƙafarsa. Ban da haka, ba duka 'yan cocinmu ba ne, kuma ban tambayi kowa addininsa don in tura shi waje ba."

Ta gaya musu akwai likita da take kai wa rahoton aikin lokaci-lokaci, ba tare da suna ba, duk mai shakka ya je ya tambaye shi. Ba wanda ya je. Shakka ta fi daɗi in ana zaune a gida.

Ni ma ina da tawa shakkar, kuma har yau ban ce ba ta da tushe ba. Wata Laraba ƙanina ya dawo idonsa jawur, ya ƙi abinci, ya kwana biyu ba ya fita. Na hau mashin na same ta tana tsince acca a faranti.

"Mama, kin ce magani ne. Ga shi kina tono masa ciwon da ya fara rufewa."

"Bai fara rufewa ba, lulluɓe shi ya yi. Farkon abin yakan yi nauyi. Ina lura da shi, likita ma yana lura."

"To me ya faɗa? Ya yi magana a kaina? A kan gidanmu?"

"Ka tambaye shi."

"Ni nake ciyar da shi! In wani abu ya same shi, ƙofata za a buga, ba taki ba."

Ta ajiye farantin. Ta ce abu ɗaya ne yake sa ta buɗe baki, kuma kowa a ɗakin ya san shi tun ranar farko: idan mutum ya nuna zai hallaka kansa ko wani, ko rantsuwa ya sa ta yi za ta kai wa likita da danginsa. "Tunda ba ka gan ni a ƙofarka ba, ka je ka ba shi ruwan wanka."

Na ce, "Ke kin iya riƙe bakinki. Sauran fa? Su ma nas ne?"

Ta ce gaskiyata ce. Bakinta za ta iya tsaya masa, na sauran kuwa alkawari kawai take da shi. Ta ce an taɓa samun wanda ya kai labarin wani gida, matarsa ta kai kasuwa, rukunin ya kusa watsewa, sai da suka zauna a kan maganar makonni kafin wasu su sake sakin jiki, wasu ma ba su dawo ba. Shi ya sa ta kafa musu doka: in kun haɗu a kasuwa ko a coci ko a gidan biki, ba ku san juna ba. Naka labarin naka ne, ka faɗa wa wanda ka so. Na wani kuwa, har da cewa ka taɓa ganinsa a ɗakin, ba naka ba ne.

Na tafi da fushina, na daina zuwa gaishe ta har damina ta wuce. Da matata ta haihu, sai ga ta da lemarta da ƙullin acca, ta karɓi jaririn ta yi masa wanka, ta zauna da mu har aka yi suna, ba ta ce uffan a kan rigimarmu ba. Na ɗauka ta sauko, na sake gwada tambayar a hankali. Ta miƙo mini jaririn ta ce ya jiƙa zane.

Ƙanina dai ya fara barci. Ya bar gidan burukutu, ya koma gona, ya fara dariya da haƙoransa duka. Ya haɗu da yarinyar Madakiya a wajen bikin wani abokinsa. Ban taɓa ce wa Mama Babba ta yi daidai ba, ita ma ba ta nema ba.

Da ciwo ya kama ta, ta san inda aka dosa, nas ce. Ta nemi izinin mutanenta ta kawo wata ƙaramar nas mai horo irin nata, suka riƙa zama tare domin kada a wayi gari a bar su a hannun baƙuwa. Ana saura kaɗan ta rasu ta kira ni gefen gado ta ce, "Ranar bisona kar a kira su." Na kai wa Baba Ƙarami saƙon a zaman kwamiti, a gaban kowa.

"Zumuntan mata za su fito?" ya tambaye ni.

"Za su fito."

"Ma'aikatan asibiti? Matan ƙauyenmu?"

"Duka."

"To waɗannan da yayata ya ba su ƙarfinsa duka, su ne ba za su ce mun gode ba? In abin kirki ne suna yi, me ya sa suna ɓuya? Kai kuma, Malam, me ya dame ka haka? Kana da mutum a ciki ne?"

Duk idanu suka dawo kaina. Na ce saƙon mamaciya na isar, ba ni da kowa. Ya ce an ji, amma al'ada ba ta mutu tare da ita ba. Na fita ina zargin kowa: shi, da matarsa, da mai buga takardar tsarin sujada, har da kaina, ko fuskata ta riga ta tona abin.

Ranar biso coci ya cika har waje. Dattijon Madakiya ya zo da mutanensa, tunda sun kusa zama surukai, aka ba su benci na gaba. Ni da ƙanina muna bencin dangi, ƙafata tana taɓa tasa. Matan zumunta suka fito da anko, suka buga tulun kiɗa, suka zagaye akwati. Tsofaffin nas suka fito a hankali, ɗaya ta ba da shaida. Matan ƙauyenmu suka yi waƙa da yarenmu, na yi kuka ban ji kunya ba. Sannan Baba Ƙarami ya karɓi makarufo, ya gyara babbar riga.

"Yanzu muna kiran mutanen Laraba. Mun san kuna nan. Ku fito ku girmama uwanku."

Mai ganga ya fara bugawa, ya ga ba kowa, ya tsaya. Kawuna suka riƙa juyawa baya. Na ɗora hannu a gwiwar ƙanina. Ya cire hannuna ya ajiye mini a cinyata, na ce shi ke nan, zai tashi. Bai tashi ba. Ya kafe idonsa a kan akwatin, hawaye yana sauka har cikin wuyan rigarsa, ko gefe bai duba ba.

Baba Ƙarami ya sake kira, ya kuma sakewa da ƙarfi. Ban juya ba, amma na san mai tumatir tana can, da mai kaftani, da tsohon Kauru, kowa a kusurwarsa. Ba bencin da ya motsa. A bayana wata ta ce, "Kai, mutane ba su da godiya." Wani ya ce, "Ashe duk wahalan nan banza ya yi." Na ji maganar kamar an mare ni, kuma ba ni da bakin ramawa. Fasto ne ya tashi ya karɓi makarufo a hannun Baba Ƙarami, ya ɗaga waƙa, aka ɗauki akwati.

Aka binne ta a ƙauyenmu kusa da mijinta. Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini buhun citta daga ka. An kira, ba a tashi ba, dattijon Madakiya ya ci shinkafarsa ya yi mana gaisuwa ya tafi bai san komai ba. Na ce a raina, matar nan ko a cikin akwati ta rufa wa yaron nan asiri.

Bayan an watse zaman makoki, wata safiya ƙanina ya fito da rigarsa ta zuwa coci ya ce, "Yaya, raka ni Madakiya." Na ɗauka godiya za mu kai. Muka tarar da dattijon a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, aka kawo mana kujeru da ruwa. Bayan gaisuwa ƙanina ya sauka daga kujera ya durƙusa.

"Baba, mutanen da aka kira a coci ba su tashi ba, ni ina cikinsu. Tun bayan abin da ya faru a ƙauyenmu nake zuwa, har yanzu ban daina ba. Na ga bai kamata ka ba ni 'yarka ba ka sani ba."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Dattijon ya ajiye fartanya, ya dubi ƙanina.

"Kana shan magani?"

"Na sha a farko, likita ya tsayar."

"Su wane ne kuma a ciki? Akwai 'yan garin nan?"

"Nawa na zo faɗa, Baba. Na wasu ba nawa ba ne."

"To me ya hana ka tashi ranan nan, da an kira ku?"

"Da na tashi, sauran za su ga kamar dole su ma su tashi. Kuma mutane za su bi idona su ga wanda na kalla."

Dattijon ya ƙwala wa 'yarsa kira. Ta fito da garin masara a hannu, ta durƙusa. Ya tambaye ta ko ta san wannan magana. Ta ce ta sani tun kafin a kawo gaisuwa, shi ya faɗa mata da kansa, kuma ranar da ya yi nauyin jiki ita take tuna masa yau Laraba. Fuskar tsohon ta ƙara ɗaurewa, ina jin ya fi jin zafin cewa shi ne na ƙarshen sani a gidansa. Ya ce ta koma ciki. Sannan ya ce mana ranar da aka sa a ɗage ta, zai yi addu'a, zai yi tunani, in ya gama zai aiko.

A hanya na kasa haƙuri. Na tsayar da mashin a gefen titi na juyo.

"Wane irin hauka ne wannan? An kira ka a gaban duniya Allah ya rufe ka. Mama ta rufe ka tana raye, ta rufe ka tana kwance. Kai kuma ka ɗauki ƙafa ka je ka buɗe kanka?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, ba ta rufe ni don in zauna a rufe ba. Ta rufe ni ne har in samu ƙarfin faɗa da bakina."

An haƙe citta, an shanya, an sayar. Har yau da nake wannan rubutu, da izinin ƙanina, ba a aiko daga Madakiya ba, ba a kuma dawo mana da kayan gaisuwa ba. Duk mashin da ya tsaya a ƙofar gidana sai na leƙa. Shi kuwa yana cin abincinsa, yana barcinsa, ni ne na koma mai zama ina fuskantar ƙofa.

Mama Babba, ina kewarki, kuma ina jin haushinki, duka biyun gaskiya ne. Ubangiji ya ba ki hutu a wurinsa, ya ta'azantar da waɗanda suka yi miki kuka a zaune. Yaron da kika ɗauko a gindin mangwaro ya tsaya a gaban dattijo ya faɗi nasa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.